Jar Fitila a Motar Dakta

Na manta abubuwa da yawa a duniya, har da ainihin shekaruna, amma ban manta da wata Talata bayan Babbar Salla ba, ranar da Dakta Umaru ya turo hancin motarsa cikin garejinmu na Kazaure. Ku da kuka zo aikin daga baya kun sha tambayata dalilin da ya sa ba na barin kowa ya taɓa gwangwanin madarar da nake zuba notuna a ciki. To, ga labarin. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Aji uku na yi a firamare, na gudu, malamin lissafi ya huta, ni ma na huta.

Ga wanda bai san gareji ba, akwai mai gareji a sama, a lokacin Oga Habu ne. Ƙarƙashinsa akwai bakanike mai inji, da mai walda, da mai bodi, sai riwaya, wato mai bin wayoyin wuta. Ni ne riwaya, Modu sunana. Mu riwaya muna da girman kai. Muna ganin aikinmu na ƙwaƙwalwa ne, ba irin na masu wanka da baƙin mai ba. Farar riga nake sa wa in zo aiki, in koma gida da ita fara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dakta Umaru malamin dabbobi ne da ya yi ritaya, mutumin Babura. Bafillace ne, ni kuwa Babarbare, kun san abin da ke tsakani. Shekara da shekaru ba mu taɓa gaisawa ba sai ɗaya ya kira ɗaya bawansa. Motar tasa tsohuwa ce tukuf, irin mai ɗaki a baya. Da sefa, kuɗin Nijar, ya saye ta a Damagaram wajen wasu Turawa da suka keto Sahara suka gaji. Akwai gado a ciki, da ɗan murhu, da ban-ɗaki na zama. A cikinta ya yi ta zaga rugage yana yi wa shanu allura.

"Ina bawan nan nawa?" in ji shi tun bai kashe mota ba.

"Ga ni, Fillo. Saniyar ƙarfen ce ba lafiya? Ka ba ta kanwa mana."

Ya yi murmushi amma bai rama ba. Duk ranar da Bafillace ya bar maka wasa bai rama ba, to akwai magana. Ya ja ni cikin motar ya nuna min wani ɗan allo kusa da ƙofar ban-ɗaki, mai ƙananan fitilu huɗu a jere. Gejin tankin ban-ɗaki ke nan. Ta ƙasa kore ce, tana nufin fanko. Biyu na tsakiya suna nuna kwata da rabi. Ta sama ja ce, tana nufin tanki ya cika. Ya danna maɓalli, jar ta kama.

"Da hannuna na juye shi jiya," in ji shi. "Ba komai a ciki. Amma ka gani."

Na ce, "To tunda ka san fanko ne, ka liƙe fitilar da salatif ka huta."

Sai ya gaya min abin da ke ciki. Matarsa, Hajiya Dije, ta samu shanyewar ɓarin jiki sama da shekara, ba ta iya tsugunno. Don haka ya ja motar har ƙofar ɗakinta, ban-ɗakin ciki ya zama nata, shi kuma yake juye tankin a wani rami a gonarsa, bai yarda kowa ya yi ba. Yanzu yayarta, Adda Hauwa, wadda ta raine ta tun tana jaririya, ta aiko daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, ta ce Dije ta zo ta ji muryarta tun da sauran numfashi. An sa ranar Asabar, za su kwana uku. Hajiya ta ga jar fitila ta ce ba inda za ta. Ba za ta je ƙofar gidan mutane tanki ya tumbatsa, ta bar abin faɗa a dangi ba. Rantsuwar Dakta ba ta yi aiki ba. Ta ce fitila ba ta san ƙarya ba, miji kuwa yana iya yi don ya kwantar mata da hankali.

"Ba kore, ba tafiya," in ji Dakta. "Haka ta ce."

Na buga ƙirji na ce ya dawo gobe.

Bari in yi bayanin yadda abin yake aiki. Tankin yana ƙarƙashin mota. A jikinsa akwai ƙusoshi huɗu da suka huda bango suka leƙa ciki, daga ƙasa zuwa sama, kowace da wayarta. In ruwa ya hau ya taɓa ƙusa, wuta ta bi ta cikin ruwan, fitilar wannan ƙusa ta kama. Ƙa'idar bincike kuwa, wadda ni da bakina nake koya wa mutane, uku ce. Ka duba fis. Ka duba batir. Sannan ka cire wayoyin daga jikin tankin ka danna maɓalli. In fitila ta mutu, laifin yana cikin tanki. In ta ci gaba da ci, laifin waya ne ko allo.

Na duba fis, na duba batir. Na uku kuwa sai mutum ya kwanta rigingine a ƙarƙashin masai. Na dubi farar rigata, na dubi tankin, na yanke hukunci cewa ɓera ne ya ci waya. Ranar Talata na ɓalle allon na wanke shi da fetur. Ranar Laraba na tsige wayoyi daga allo har inda suka nutse cikin daɓen mota, na sa sababbi, na jona. Na danna. Ja, kamar idon mashayi.

Ranar Alhamis da hantsi Dakta ya zo a kan babur. Ya ce tun da aka ɗauke motar Hajiya ta rage shan ruwa don kada ta wahalar da 'yarta mai jinyarta, har leɓenta ya bushe. Bai zarge ni ba. Da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Oga Habu yana jin mu. Ya ce, "Malam Modu, ka cire wayoyin daga jikin tankin kuwa?"

Na ce, "Oga, ai da ido ma ana gane..."

"Ka cire?"

Na tuɓe farar riga na rataye a madubi. Na shiga ƙarƙashi, na cire wayoyi huɗu, na ce Dakta ya danna. Fitila ta mutu. Aikin da bai kai shan shayi ba, shi na yi kwana biyu ina kewaya wa.

Tunda na riga na kwanta, na sa sifana na kwance ƙusar ƙasa don in ga me ke jikinta. A nan na koyi cewa in an ce tanki fanko ne, ba a nufin fanko ƙaf. Ragowar ta biyo hannuna har hammata. Mai walda ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Dakta ya leƙo ya ce, "Alhamdu lillahi, yau Babarbare ya yi wanka."

Na ji daɗi, wallahi, don ya rama.

Na wanke ƙusar na duba. Wani abu toka-toka ya daskare a jikinta kamar siminti. Na murza, ya yi santsi a yatsa, ga ɗan baƙin gawayi a ciki. Na hau mota na haska tocila ta ramin ban-ɗakin, na ga bangon tankin duk an yi masa yaɓe da shi, daga ƙasa har sama. Ba toka-toka ba ne, toka ce. Jiƙaƙƙiyar toka kuwa wuta tana bin ta, sai ta haɗe ƙusoshin nan huɗu, geji ya ɗauka ruwa ya kai wuya. A bayan kujerar ban-ɗakin na ga gwangwanin madara, rabinsa toka.

Kowa ya san a gidajenmu in shadda ta yi wari toka ake zuba mata. Na nuna wa Dakta. Ya karɓi gwangwanin ya duba.

"Daga kaskon da Hajiya take gasa ƙafarta take ɗiba," ya ce a hankali. "Don kada in ji wari in na je juyewa." Ya share ido da bakin rawani. "Ni da na ƙare ƙuruciyata hannuna yana cikin bayan saniya har kafaɗa."

Ya ce kada in kuskura ta san ya gane, kunya za ta kashe ta. Na ce in ba a faɗa ba za ta sake zubawa. Sai na ce ya ɗauke ni a babur mu je Babura, ya bar ni da ita. Abin da miji ba zai iya faɗa ba, abokin wasa yana iyawa.

Muka isa bayan azahar. Na mayar da gwangwanin hannun 'yarta a ɓoye, na durƙusa a bakin ƙofa. Hajiya tana kishingiɗe, kasko a gefenta.

"Sannu da jiki, uwar ɗakina."

"Yau kuma ka san ni uwar ɗakinka ce? Ina motata?"

"Hajiya, an gano cutar. Wani mara kunya ne ya yi ta zuba wa tankin toka. Bincike ya nuna Babarbare ne."

Ta kalle ni, na kalli tabarma. Dakta yana tsakar gida yana duba tayar babur da ba abin da ya same ta.

"Barebari dama ba su da sana'a sai ɓarna," in ji ta. "Da me za ka fitar da ita?"

"Zan kankare da waya."

"Namiji ke nan. Toka in ta kama tukunya, tsamiya ake jiƙawa da ruwan ɗumi." Ta kira 'yarta ta ce a cika min leda da tsamiya. Har na yunƙura zan tashi, ta rage murya. "Shi Babarbaren nan, in an ce ya daina zai daina. Amma warin fa? Da can motar ba ta yi."

Wannan tambaya ita ce ta gyara motar, ba ni ba. Duk tankin ban-ɗaki yana da bututun iska da ke fita ta rufi, ta nan wari yake tafiya. Ban ko kalle shi ba. Muna komawa Kazaure na hau saman mota na cire hularsa. Zanzaro ya gina gidan laka a ciki, ya toshe shi tsaf. Na zura waya na fasa, na bi da ruwa.

Ranar Juma'a da safe na mayar da ƙusa da wayoyi. Muka dafa ruwa a rabin duro, muka jiƙa tsamiyar, muka tace, muka ɗura wa tanki har rabi. Yana shiga na ji yana ƙuna-ƙuni a ciki. Sai na ce Dakta ya kama burjin da ya yi wajen Roni ta cikin duwatsu, kada ya kauce wa rami ko ɗaya.

"Shekara nawa ina lallaɓa motar nan, yau ka ce in faɗa rami?"

"Burga muke yi, Fillo. Ko nonon ma sai an kaɗa."

Muka je muka dawo, haƙorana saura kaɗan su zube. Muka juye a ramin da muka haƙa a bayan gari, muka ɗauraye sau uku, muka binne. Ana kiran farko na sallar Juma'a na ce ya danna. Ya ce a'a, ni in danna. Na danna. Kore. Na zuba bokiti biyu, ta kwata ta kama. Na juye, ta koma kore. Ranar a sahun ƙarshe na yi salla, kuma na lura an bar min fili sosai.

Asabar da hantsi suka biyo ta gareji, tunda hanyar Gwiwa ta nan take. Hajiya tana kan gado, an jingina ta da matasai, ga gorar ruwa a hannunta ta sha fiye da rabi. Dakta ya ce ita da kanta ta danna maɓallin sau uku kafin ta yarda a ɗauko mayafinta. Ta yafito ni ta taga, ta miƙo min gwangwanin madara, an wanke shi fes.

"Ungo. Ka mayar wa Babarbaren nan kayansa."

Kwana biyar suka yi maimakon uku. Dakta ya ce Adda Hauwa ta riƙe hannun ƙanwarta tana shafa fuskarta, tana yi mata faɗan ta rame, kamar yarinya. Kafin damina ta faɗi Allah ya yi wa Adda rasuwa. Da na ƙara kwana biyu ina tsaron farar riga, da Hajiya ta fasa, wa ya san ko da wata Asabar ɗin.

Abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe. Gwajin da kake ƙyama, shi za ka fara yi. In ka samu abin da ya ɓata na'ura, kada ka tsaya nan, ka tambayi abin da ya sa mutum ya yi shi, don sau da yawa ba wauta ba ce, kunya ce ko ƙauna. Geji bai yi ƙarya ba, abin da ya taɓa shi ya faɗa. Ni ne na ƙi sunkuyawa in ji.

Farar rigar tuni ta zama tsumman goge hannu. Gwangwanin kuwa yana nan. Duk wanda ya taɓa shi, shi zai shiga ƙarƙashin tanki na gaba.