Kwamfutar da Ba Ta Bari a Ci Baba Ayuba

Jama'a, wannan abin da ni ya faru, ba wani ya ba ni labari ba, kuma wallahi da wani ne ya kawo mini shi da na ce ya je a duba masa kai. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Kafanchan, kan hanyar da ke gangarawa tashar jirgin ƙasa, kuma duk garin an san ni da cuta guda, wato son tsofaffin kwamfutoci, irin masu ƙaton sikirin mai ƙeya ɗin nan. Abokaina har tsiya suke mini, wai ni ne mai gadin maƙabartar kwamfuta.

Wata rana da damina sai ga wata dattijuwa ta sauka daga acaɓa, ta ce sunanta Mama Rifkatu, daga Kwoi ta zo takanas. "Ɗana, an ce kai ne likitan tsohon kaya. Kwamfuta na maigida yana tsayawa, yana tsayawa. In wannan abu ya mutu, ban san me zai tashe shi daga gado ba."

Ashe mijinta, Baba Ayuba, tsohon hedimasta ne da shanyewar ɓarin jiki ta kama, magana ma sai da ƙyar. Kwamfutar kuma ɗansu Luka ne ya harhaɗa ta da hannunsa tun yana makaranta, ya sa wani tsohon wasan ƙwallo a ciki, shi ya koya wa uban, kullum da la'asar suna bugawa tsofaffin unguwa na kallo. Luka ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Tun daga nan babu abin da ke fito da Baba falo sai wasan nan, da hannunsa na hagu mai lafiya yake dannawa, yana karawa da kwamfutar.

Na bi ta Kwoi. Ina shiga falon na ga laifin farko, har sai da na yi dariya: Mama ta saƙa wa kwamfutar riga! Riga ta ulu mai kauri, da fulawoyi, irin wadda matan zumuntar coci ke lulluɓe talabijin da ita, ta rufe duk ramukan shan iska ruf. Na ce, "Mama, ai kin shaƙe ta." Ta ce, "Kayan Luka ne, zan bar shi tsirara?" To me za ka ce? Na buɗe cikin, kai, ƙurar busasshiyar citta ce dam, don ɗakin da suke tara citta yana jikin falon, na yi ta atishawa Baba na kallona yana murmushi da rabin baki.

Matsalar a girafik kat take, wato ɗan allon da ke fitar da hoto zuwa sikirin. Fankarsa ta cushe, man da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe ya zama kamar alli. Na wanke, na sa sabon mai, na ɗiga wa fanka baƙin mai, na goge haƙoran kat ɗin na mayar. Na zauna na buga wasan ni kaɗai har na gaji, aka ci ni, na ci, ko gezau. Na ce shike nan, Baba bismilla.

Bai daɗe da farawa ba hoto ya daskare. Komai ya tsaya cak, sautin 'yan kallo ya maƙale yana ƙugi. Baba ko a jikinsa, ya miƙa yatsa ya kashe ya kunna, kamar wanda ya saba.

Nan fa raina ya ɓaci, don ni ba na son na'ura ta kunyata ni a gaban mutane. Na yi ta zarya tsakanin Kafanchan da Kwoi. Na canza ram, wato ƙwaƙwalwarta, na canza abin ba ta wuta, na sauke direban kat ɗin, wato manhajar da ke tafiyar da shi, na ɗora wanda ya girme shi, na cire murfin gefe na kafa mata fankar tebur tana hura ta. In ni ne a kai, lafiya lau. In Baba ne, sai ta tsaya. Har na fara zargin hannunsa ne ke danna wani abu, sai na ja kujera na zauna bayansa ina kallo, kuma a nan ne tsigar jikina ta fara tashi. Ba ta tsayawa in Baba ne da ƙwallo. Ba ta tsayawa in ya ci. Sai an kwashe 'yan bayansa, ɗan wasa ya fuskanci gola, ya ɗaga ƙafa, to a nan take daskarewa, ƙwallo na rataye a iska.

Na ce ƙarya ne. Na jona hannun wasa na biyu na ce Baba mu kara. Na yanke 'yan wasansa, na zo ni da raga ba kowa, na danna. Cak! Na sake, cak! Na ajiye hannun wasan.

Amma taurin kan mai gyara ba ya barinsa. Na samo wani kat irinsa wurin wani abokina a Kachia, na sa, na jefa tsohon a jakata. Ranar har da tsofaffi biyu 'yan cocinsu sun zo gaisuwa sun zauna kallo. Wasa ya tafi sumul, ina ta hura hanci, sai aka zura wa Baba ƙwallo. Aka ƙara. Aka kuma ƙarawa. Bai kalli ragar ba, ƙasan teburin yake leƙawa, wajen da soket yake, ya daɗe yana kallo, sannan ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Da ƙyar ya haɗa kalma biyu: "Ya tafi." Aka kama shi aka kai shi ɗaki.

Na bi Mama kicin na faɗa mata abin da na lura da shi tun farko. Ta saki ludayi ta ce, "Yesu!" Ta zauna a kan turmi. "Ɗana, Luka ne yana yin haka. Ai yaro ba ya ka da babansa a gaban mutane. In ya ga za a ci Baba, sai ya sa ƙafa a ƙarƙashin tebur ya taɓa waya, ya ce wuta ne ya yi wasa. Baba ya sani, bai taɓa nuna ya sani ba." Tana faɗa tana dariya, hawaye na zuba. Ni kuwa ban taɓa jin kunyar gyara irin ta ranar ba.

Yamma ta yi, hadari ya haɗo, dole na koma Kafanchan ban samu na mayar da tsohon kat ɗin ba. Washegari da sassafe Mama ta kira ni, ta ce Baba ya ƙi ko kunu, ya juya fuska bango. Ban ko karya ba na hau mashin, ana yayyafi, sanyi na ratsa ni har ƙashi, jakar ma ta jiƙe. Na isa, na durƙusa gaban kwamfutar, na zura hannu a jaka in ɗauko tsohon kat ɗin.

Jama'a, da ɗumi na same shi. Sukundireba da sauran ƙarafan da ke jakar sanyi ƙalau, shi kuwa ɗumi, ba zafin na'ura ba, irin ɗumin da za ka ji in ka gaisa da mutum. Abin da ya kwana a jaka babu wuta! Na kusa sakinsa. Na dai yi ta maza na mayar da shi gurbinsa, har na ji bakina ya ce, "Yi haƙuri." Ban san wa nake ba haƙurin ba.

Mama ta lallaso Baba ya fito. Ya zauna ba ya ko son kallon sikirin, ya fara dannawa a sanyaye, aka kwashe 'yan bayansa, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa. Cak! Tsohon nan ya fashe da wata dariya har da tari, ya nuna ƙasan tebur da yatsa yana girgiza kai, ya ce, "Ɗan banza." Sannan ya juya ya ce wa Mama, "Kunu."

Har yau ban san me ke cikin kat ɗin nan ba. Na yi shekaru ina wannan sana'a, na san zafi, na san ƙura, na san lalataccen direba, amma ban san wata cuta ta na'ura da ke gane wanda za a ci ba. Kuma har yanzu in na zura hannu a jakar aiki, sai na ɗan dakata tukuna.

Shawarata gare ku, musamman masu gyara irina: in aka kira ku kan kayan wanda ya rasu, kafin ku ɗauko sukundireba ku zauna ku ga yadda mutanen gidan ke zaune da matsalar. Ku tambaya. Wata matsalar, wallahi, akwai mai ita.