Makullin Kawu

Jiya a unguwar Plumstead ina jiran bas a jikin wata tsohuwar katanga, sai na tsinci kaina na sa makullina ina kankare simintin da ke tsakanin bulo. Nan take marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Magini ne, kuma haka yake yi wa kowane bango.

Wata Asabar can baya na same shi a bayan gidansa, raina a jagule. Aikina shi ne duba ƙarfin bangaye a wata tashar lantarki ta nukiliya. Na gaya masa ana ta matsa mini in sa hannu a takarda cewa wani bango lafiyarsa ƙalau.

Ya ce, "Kin taɓa shi da hannunki?"

Na ce, "A'a, Kawu, hotuna aka turo."

Ya kankari katangarsa mai sabon fenti da makullinsa, ya zuba mini garin a tafin hannu. Na ji shi da sanyi, kamar jiƙaƙƙen yashi.

Ya ce, "Wannan ma a hoto kyakkyawa ce."

Ban sa hannu a takardar ba. Da aka yanko simintin bangon tashar aka gwada, aka ga ba shi da ƙarfi, dole aka ɗaure bangon da ƙarfe.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci.