Faifan da Arzika Ya Fasa

Shekarar da Najeriya ta rufe boda, kasuwar Konni ta yi sanyi, har mai turi irina yana gyangyaɗi a rumfa. A wannan zaman ne Allah ya haɗa ni da Baba Arzika, kuma ranar ba ta fita raina ba.

Ku da kuka shigo sana'ar daga baya kun san tsarina. Mutum ya kawo memwar ɗinsa, ɗan katin nan na waya ko rediyo, in tura masa karatu, tafsiri ko wa'azi. Mai son waƙa, rumfar gaba. Dattijon nan, tsohon lebura a izini, wato masana'antar siminti ta Malbaza, ya zauna a bencina ya ce kiɗa yake so.

"Baba, ba na tura kiɗa."

"Kai aka ce man kana da haƙuri. Saurara." Ya rufe ido, ya kumbura kumatu: "Pa-raa, pa-ra-ram."

Sunan fim ɗin? Bai sani ba. Na Turawa ne, ya gan shi a sinima yana saurayi, wata jar mota tana gudu a bakin teku. Wansa Nomau ya sayo faifan garmahon kiɗan daga Abijan, shi kuma ya zauna a kai ya fasa. Tun daga nan, ko gardamar gona suke, sai Nomau ya ce a fara biyan sa faifansa. Yanzu Nomau yana kwance a Tajaye, ido ya tafi, jiki ya ƙi.

"Ba ni so shi tahi da maganag ga a bakinai, Malam."

To, me zan ce? Na shiga kallon farkon tsofaffin finafinai a waya, mega na ƙonewa. Kowace ranar kasuwa sai ya zo, kuma kullum rerawar tasa daban. In sa masa wani, ya ce, "Wanga ya cika gudu." In sa wani, "Wanga kuka shi kai." Wata Hajiya ta zo karɓar tafsiri, ta ji bushe-bushe a rumfata, ta juya ko sallama babu. Liman da kansa ya tare ni bayan la'asar: "Malam Sani, lafiya dai ko?"

Abin haushin, kiɗan nan shiga jiki gare shi. Kakakin Turawa mai lanƙwasa yana jan numfashi kamar mai hira da maraice, wani babban gurmi yana takawa a ƙarƙashi, gangar kuwa sai ka ce ana shara da tsintsiya mai laushi, can wata mace ta ɗora murya ba kalma. Na kama ƙafata tana bugun ƙasa, carbi na hannuna. Astagfirullah.

Da muka dace, tsohon ya miƙe tsaye, "Shi ne!" Na yi hamdala, na ce na huta. Ina! Wai bai iya latsa rediyo ba, sai na raka shi. Na rufe rumfa, muka shiga motar Illela ta wajenmu, ba ta Najeriya ba, daga nan kabu-kabu.

Muka tarar da Nomau a kan tabarma a inuwar zaure. Na kunna. Yatsunsa suka shiga bugun ƙirjinsa har kiɗan ya ƙare.

"Wa ya wanke shi? Nawa yana da ƙas-ƙas."

Wallahi saura kaɗan in ɗauki takalmina.

"Yaya," in ji Arzika, "ƙas-ƙas ɗin allura ce, ba kiɗa ba."

"Kai za ka koya man? Malam, mai da shi farko."

Na mayar. Da kakakin ya ɗauka, Nomau ya lalubo hannun ƙanensa ya riƙe.

"Kai yaro, ka biya. Malam, kai ne shaida."

Na ce na shaida. An sa ni aiki iri-iri a sana'ar nan, amma ranar ce kaɗai aka sa ni shaidar biyan bashi da kakakin Turawa.