Rakiyar Baba Zuwa Jibiya

A makon da soja suka miƙa mulki ga farar hula muka bar Katsina, ni da maigidana. Ikilisiyarmu ce ta tura mu wani ƙauye a gaba da Tawa, cikin Nijar, shi ya yi aikin bishara, ni kuma in riƙe ɗan ɗakin shan magani da aka gina a can, tunda aikin jinya na karanta.

Babana bai so tafiyar ba. Kafinta ne, mutumin kudancin Kaduna, amma tun yana saurayi yake zaune a Ƙofar Marusa, a nan aka haife mu duka. Dattijo ne a coci, ba zai iya cewa kada a yi aikin Allah ba, sai ya bi ta wata hanya.

“Uwata,” haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, “yanzu da ƙasa ta fara daidaita, ana cewa za a ɗauki ma'aikatan asibiti, yanzu za ki tafi? Nan babu marasa lafiya ne?”

Na ce akwai, amma nan akwai masu duba su. Daga ranar ya daina yi mini maganar. In na gaishe shi ya amsa, ya ci gaba da goge katakonsa.

Maƙwabcinmu Alhaji, mai fataucin hatsi zuwa Maraɗi, shi ya ce zai kai mu a a-kori-kurarsa. Shekara da shekaru suna zama da Baba a benci ɗaya suna jin rediyo. Da safe muka loda katifa, tukwane, buhun masara, kwalayen magani da na littattafai. Mama da matan zumunta suka yi mana addu'a a ƙofar gida. Muna shirin tashi sai ga Baba ya fito da hularsa ta zuwa coci, ya buɗe gaban mota ya zauna.

“Jibiya kawai zan raka ku,” in ji shi, yana kallon gaba.

Dole maigidana ya koma baya, bisa buhun masara, ya naɗe kansa da tawul saboda rana.

Har muka isa iyaka Baba bai ce mini uffan ba. Da Alhaji yake hira, ko farar hular nan za su riƙe amana. Na sauko don mu yi sallama, sai na ga Baba ya bi mu cikin ofishin duba takardu. Ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar tafiya sabuwa fil, da hotonsa a ciki. Na san ba a yin ta a kwana ɗaya. Na dubi Alhaji, ya kau da kai yana gyara hularsa.

“Ɗiyata, ni ban san komi ba,” in ji shi. “Ku shiga mu tai.”

Baba ya ce Maraɗi zai tsaya, ya daɗe yana son ganin kasuwarta. A Maraɗi muka kwana gidan abokin cinikin Alhaji, washegari ban ji wanda ya ambaci kasuwa ba. Baba ya riga kowa shiga mota.

Hanyar ta yi tsawo. Bayan Madawa itatuwa suka fara raguwa, ƙasa ta koma ja da duwatsu, zafi kamar a bakin murhu. Ina ganin Baba yana duban gonakin da ba a ko share ba, yana girgiza kai. Da azahar Alhaji ya tsaya gindin wata aduwa ya yi salla. Wata Bafulatana ta sauke ƙwaryarta ta dama mana fura. Ta tambayi inda za mu, Baba ya nuna ni.

“'Yata ce. Likita ce, za ta je ta duba mutanenku.”

Ni ba likita ba ce, ya kuma sani. Amma ban gyara masa ba, domin maganar kirki ta farko ke nan da na ji daga bakinsa cikin wata biyu.

Da la'asar ta kwana na biyu muka isa. Ɗakin shan maganin ginin ƙasa ne, ciki biyu, babu ƙofa babu taga, ramukansu kawai. Awaki ne kwance a ciki. Na san abin da Baba zai ce. Na shirya jin a juya mota.

Ya zagaya ginin sau biyu, ya auna bakin ƙofa da tafin hannunsa. Sannan ya tambayi mai garin ko akwai mai zarto da guduma. Aka samo wajen wani maƙeri. Katako kuwa babu, sai Alhaji ya ce a ciro allunan da ya shimfiɗa a bayan motarsa.

“Malam, yi aikinka. Hatsi ba ya gudu.”

Kwana uku suka yi. Baba ya haɗa ƙofa, da taga biyu, da kantar ajiye magani. Alhaji ne ke riƙe masa katako, suna gardama a kan wanda ya karkace layi. Ranar Lahadi muka yi sujada mu uku a ƙarƙashin rumfa, Alhaji yana zaune can gefe da carbinsa, ya hana yara surutu har muka gama.

Da za su tafi Baba ya gwada ƙofar sau da yawa, yana buɗewa yana rufewa. Ya dafa kaina ya yi addu'a da yarenmu, wanda rabon da in ji ya yi dogon zance da shi tun rasuwar kakata. Ya juya wajen maigidana.

“Rijiyar nan da nisa. Kada ka bar ta tana ɗauko ruwa ita kaɗai.”

Shekara bakwai muka yi a garin. Baba bai sake zuwa ba, ƙafafunsa suka fara ciwo a daminar da ta biyo baya. Alhaji ne kan biyo ta wajenmu sau biyu a shekara, da daddawa da yajin Mama, da tambayoyin da Baba ya haddace masa: ko ina cin abinci, ko mutanen garin suna zuwa, ko gara ta taɓa katakon.