Ɗakin da Aka Ba Tautau

A gidan kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, da ke unguwar Rusaifa a Makka, akwai wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala. Ba shi da taga, amma sanyin mukayyif, na'urar sanyaya gidan duka, yana saukowa cikinsa ta wata kafa a rufi, kuma ba a iya kashe shi sai an kashe na gida baki ɗaya. Ni kuwa a can saman bene nake kwana, kusa da tankin ruwa, inda sai na yayyafa wa katifa ruwa kafin in iya ɗora haƙarƙarina. Na daɗe ina gadin ƙofar gidan nan. Da tsohon direba ya koma ƙasarsu, maigida da bakinsa ya ce ɗakin nawa ne, in jira a yi masa fenti.

Fentin bai bushe ba babban ɗansa ya dawo daga karatu da akwatunan gilashi guda uku. A cikin kowanne akwai tautau, ƙato kamar tafin hannuna, gashi buzu-buzu. Uwarsa ta rantse ba za su kwana da ita a sama ba, sai aka sauko da su ɗakina. Nawa nake cewa har yau.

Ba a jima ba suka daina cin kyankyason da ake ba su, suka dunƙule a kusurwa. Wai sanyi ya yi musu yawa. A Makka! Ɗan maigida ya ce yana son wanda zai kwana da su yana ɗumama su, ni ya fara tambaya. Ban iya lanƙwasa harshe ba. Na ce masa a garinmu takalmi ne maganin wannan abu, ko fitsarinsa ya taɓa ka sai fata ta kwaile.

Akwai wani Bamaraɗe da bai daɗe da zuwa ba, mai wankin mota da shara. Yana gefe da bokitinsa, sai ya nuna wajen dutsen Sauru da haɓa, ya ce ai halittar Allah ce, kuma dangin waɗannan ne suka yi saƙa a bakin kogo lokacin Hijira. Hajiya, matar maigida, na bayan labule ta ji. Kafin la'asar makullin ɗakin na aljihunsa.

Ban hana shi iya aikinsa ba. Ya toshe kafar sanyi da kwali, amma sanyi na ratsowa. Sai ya riƙa cika goruna da ruwan zafi, ya naɗe su da tsofaffin haramin da alhazai ke yarwa, ya jingina su da gilashin ta gefe ɗaya, don in zafi ya ishi abin ya matsa ɗaya gefen. In gora ta huce ya sake. Shi kuma aka ba shi bargo. Na taɓa leƙawa da azahar na gan shi ya ja shi har wuya yana minshari, ni gumi na bin ƙeyata. Kullum ɗan maigida sai ya sauko ya tambaya ko sun ji ɗumi. Ni ba wanda ya taɓa tambayata yadda na kwana.

Wata safiya Bamaraɗen ya same ni a bakin ƙofa, ya ja ni cikin ɗakin. Babbar cikin tautau ɗin tana kwance rigingine, ƙafafu sama, ba motsi.

"Yaya, ka rufa mini asiri," in ji shi. "Bari in ga ko za ta tashi. In aka kore ni ban da wurin zuwa."

Na ce masa ni ma ban da wurin kwana, kuma na fi shi daɗewa. Na hau sama na buga wa ɗan maigida ƙofa.

Ya sauko a guje ba takalmi. Ya durƙusa gaban gilashin, ya daɗe yana kallo, sai na ga yana murmushi. Ashe saɓa take yi, kamar maciji, kuma haka suke kwanciya in za su tuɓe tsohuwar fata. Ya ce da ba ta sami ɗumi da natsuwa ba, da ba ta kai nan ba. Ya dafa kafaɗar Bamaraɗen, wanda shi ma bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ce muddin suna gidan nan ɗakin nasa ne. Na tambaya shekara nawa suke yi a duniya. Ya ce matan kan daɗe ƙwarai, wata ma ta fi ashirin.

Ni ma an ba ni nawa rabon. Hajiya ta ce dafa ruwa na cika mata kicin da mutane, alhali ruwan tankin sama rana ta riga ta dafa shi. Tunda a can nake, ni zan riƙa cika gorunan ina saukowa da su. Haka na yi ta yi har na bar gidan. In na kai bakin ɗakin, sanyi na fitowa ta ƙasan ƙofa ya taɓa mini yatsun ƙafa, sai in ɗan tsaya kafin in ƙwanƙwasa.