Makarantar Kura

A gidanmu na ƙauye, can gefen duwatsun Roni, da an idar da sallar magariba Kaka Delu, mahaifiyar babanmu, take jawo kujerarta kusa da murhu. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa yana tura gyaɗarsa cikin toka. Tun da na san ta wuyanta a karkace yake. Tatsuniyoyinta akwai daɗi, sai guda ɗaya da na tsana, ita kuwa kamar da gayya ita ta fi yawan kawowa.

Wai kura ce ta cinye manyan garke kaf, sai 'yan tumaki marayu suka rage. Da ta ga ba su isa ci ba tukuna, ta buɗe musu makaranta a gindin kuka, tana koya musu labarin iyayensu. "Iyayenku masu ladabi ne," in ji ta, "da ƙafarsu suka zo wurina, suna murna." Wani ɗan rago ya tambaya, to shaidar jan abu a ƙasa da ke bakin raminta fa, ta mece ce? Washegari ba a gan shi a makaranta ba. Sauran suka haddace karatu tsaf.

"Kaka, sai me?"

"Sai kura ta yi ƙiba."

"Ba a kashe ta ba?"

"Wa zai kashe ta, kai?" Ta tofa yawu cikin wuta, mu tashi ranmu a ɓace.

Sau ɗaya ƙanwata Ladi, sarkin baki, ta tambaye ta abin da ya sami wuyanta. Ta ce aikin hanya ne, zamanin Turawa. An kwashe mutanen garin tilas, ita tana 'yar yarinya tana jigilar tulun ruwa daga safe har faɗuwar rana. Yayanta Ilu dutse ya danne shi. "Ko tsayawa ba a yi ba," ta ce. "Gefe aka ja shi, aka ci gaba."

Kaka ta rasu kafin in gama kwalejin horon malamai. Lokacin kuɗin mai ya shigo, ana ta buɗe makarantu, aka tura ni wata sabuwar sakandare a Kazaure, ina koyar da tarihi a aji ɗaya. Littafin da aka ba mu ya ce mutanen ƙasar nan sun yi farin ciki da hanyoyi, har suka taimaka wajen gina su. Ranar da na fara karanta wurin sai da na tuna wuyan Kaka. Amma jarrabawa daga littafin take fitowa, don haka na rubuta a allo, yara suka kwafa.

Ranar da sufeto ya zo duba aikina, kuma tabbatar da ni a aikin yana hannunsa, wani ɗalibi Sabo, ɗan Gwiwa, ya ɗaga hannu.

"Malam, gafara dai. Kakana ya ce da bulala aka kai su aikin hanyar."

Na dubi sufeto yana zaune a baya da biro a hannu. Na san gaskiyar yaron fiye da shi kansa. Sai na ji bakina yana cewa, "Zauna. Nan ajin tarihi ne, ba hirar tsofaffi ba." Aji ya kwashe da dariya, sufeto ya gyaɗa kai. Aka tabbatar da ni, har na sayi babur.

A ranar na gane abin da ya sa Kaka take tofa yawu. Ba kura ce take ba ta ƙyama ba, kura ai halinta ne. Waɗanda suka haddace ne. Ƙyamar kaina da na ji ran nan ba ta sake ni ba har yau, kuma ban taɓa kiran yaron na ba shi haƙuri ba.

Bara na haɗu da Sabo a kasuwar Gwiwa, da furfura a gemunsa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce shi ma malamin tarihi ya zama. Na tattara ƙarfin hali zan tayar da maganar kakansa, sai ya riga ni.

"Malam, Allah ya saka da alheri. Darussan da kuka rubuta mana a allo suna nan, ban sauya ko kalma ɗaya ba. Da su nake koyarwa."