Rodin Barandar Jiddari Polo

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ranar da muka cire gorar barandar nan ta unguwar Jiddari Polo ba za ta fita ba.

Ni magini ne, karatuna bai wuce firamare ba. 'Yata ta biyu kuwa a lokacin tana jami'a, tana karatun injiniyan gini. Kullum da la'asar sai in same ta a tsakar gida da littattafai biyu: ɗaya na tambayoyin lissafin kankare da rodi, ɗaya kuma amsoshin ne zalla. Na biyun nan ya tsaya mini a rai. Ina ganin tana rubutu tana leƙa shi, sai in ce ashe kwafa ake yi a can. Ta ce mini sai ta gama nata lissafin take dubawa, don ta ga inda ta kauce. Ban yarda ba. Har na taɓa ɓoye littafin a buhun gero kwana uku, in ga ko za ta rikice. Ta ci gaba da lissafinta ba tare da shi ba, ni kuma na ɗauka rashin gaskiya ne ya hana ta nemansa.

Ana nan na sami aikin bene mai baranda da ta fito waje, babu ginshiƙi a ƙarƙashinta. Wata rana 'yar tawa ta kawo mini abinci, ta tsaya tana kallon rodin da muka shimfiɗa ta ƙasa, yadda muka saba.

"Baba, wannan barandar rodinta a sama ya kamata ya zauna. Ta sama za ta tsage."

A gaban leburori ta faɗa. Na ce, "Injiniya, a shafi na nawa kika kwafo wannan?" Aka yi dariya. Ta kwashi kwanukanta ta tafi.

Muka zuba kankare a haka. Bayan sati uku muka fara cire gorar da muka tokare barandar da ita. Kafin mu kai ta ƙarshe na ji ƙas. Tsaga ta bi gindin barandar ta sama, ta sunkuya. Nan ne fa matar mai gidan ta ce yaranta za su riƙa shan iska. Da guduma muka fasa ta.

Da na koma gida na ce wa 'yar tawa ta nuna mini a littafin amsoshin. Ta ce tun watan jiya yana hannun ƙawarta. Sai ta ɗauko karan dawa, ta danne gefe ɗaya a bakin turmi, ta lanƙwasa ɗayan ƙasa. Ta sama ya fara tsagewa.

Ranar na gane cewa ita tana duba amsa ne don ta kama kuskurenta. Ni da nake zarginta, tun da na riƙe cokalin gini ban taɓa duba nawa ba.